Rumbun da Na Cika da Littattafan Japan

A shekarun da aka karya darajar sefa, ni magidanci ne a wani ƙauye tsakanin Buza da Babankatami. Ina da ƙarfina, ina da mace ɗaya da ɗiya ɗaya a goye, da gonar gandu da mahaifina ya bar mini a kan tudu. Damina in yi noma, rani in tafi Kurmi neman abin rufin asiri, kamar kowane namiji na Adar. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ranar da masu ɗaukar yara suka zo garinmu, mahaifina ya ɗaga ni ya zura cikin rumbunsa ya rufe, na yini kwance kan zangarniyar hatsi har suka tafi. Shi a ganinsa ceto na ya yi, kuma ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Allo ma ban daɗe a kansa ba, kiwo ya ɗauke ni. Wannan wasiƙa faɗi nake ana rubutawa. Ni ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya faru zan faɗa, in yi shiru.

A Abijan ina aiki wurin wani mai tsire ɗan wajenmu, kusa da inda jiragen kamun kifi suke tsayawa. Duk wanda bai iya karatu ba ya san abin da birni ke yi masa. Ɗan sanda ya miƙo maka takardarka, ka karɓa ka riƙe a juye, ya yi dariya. A gidan waya a kama babban yatsanka a dangwala kamar ana yi wa akuya shaida. Mai rubuta wasiƙa ya ji duk sirrin gidanka, gobe ka gan shi a hanya yana murmushi. Na haɗiye wannan shekara da shekaru. Takardar naɗe nama kuwa a buhu muke sayenta daga masu share jiragen. Wata rana cikin buhu sai ga wasu littattafai masu kauri, takardarsu na sheƙi. Maigidana ya yagi shafi ya gwada, ya ce ba ta shan mai, in zubar. Kafin in zubar na buɗe ɗaya. Hoton wani ɗan akwati ne fari da ja mai wayoyi biyu, irin abin wasan da ake haɗawa da tele, wanda na taɓa gani ta gilashin kantin wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa. Shafi bayan shafi, akwatuna iri-iri, kasakasansu a jere, da zanen hanyar da ɗan mutum yake bi cikin wasan, nan rami, nan tsani, nan dodo. Rubutun kuma daga sama yake gangarowa ƙasa kamar jerin tururuwa a bango. Masu share jirgi suka ce na matuƙan Japan ne.

Akwai wani akawu da ke zuwa cin tsire, mai son wasa da ni a gaban mutane. Ya gan ni da littafin ya ce a yi tafi, mushe malamin lakwal ya fara karatu, in kawo ya karanta mini kada idona ya lalace. Ya karɓa ya juya, ya sake juyawa, ya buɗe daga hagu ya koma dama, sannan ya ajiye ya ce a ƙara masa yaji. Ban fi shi sanin komi a ciki ba. Amma ran nan ne karo na farko da aka ajiye takarda tsakanina da mai ilimi muka tashi kunnen doki. Littafi ne da ba wanda zai fizge daga hannuna ya ce ga abin da ban gane ba. Daga nan cutar ta kama ni.

Na shiga bin masu share jirage ina roƙo, daga baya ina biya, don sun gane sun sami mahaukacinsu. Ba kowane littafin Japan nake so ba, sai na akwatunan wasa. A gefensu akwai lamba irin ta jikin kuɗi, wannan kam ina ganewa. Akwai wani jeri da na samu na ɗaya da na biyu da na huɗu, na uku ya ƙi samuwa. Wanda bai taɓa tara abu ba ba zai gane ba. Abin da ke hannunka ba ya faranta maka rai kamar yadda wanda babu yake cin ka. Na riƙa gaya wa kaina wai ilimin ƙera akwatunan ne a ciki, wata rana wutar kuran, ta lantarki, za ta iso garinmu, in sami wanda zai fassara mini, in buɗe gidan wasa in zama wani. Gaskiyar magana ko sau ɗaya ban taɓa riƙe akwatin da hannuna ba.

Na kawo su gida a kwalaye kan rufin kamyo, babbar motar kaya. Mutane suka ɗauka tufafi ne da rediyo. Da suka ga takardu aka sa mini suna Malam Japan. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsoho mai barkwanci, duk inda ya gan ni sai ya ce in buɗe in duba masa ko bana za a yi ruwa, ko kuwa in duba ko tsohuwarsa za ta daina faɗa. Matata ba mai surutu ba ce. Ta tambaya sau ɗaya ko da su za a yi miya, ta share ƙuryar ɗaki ta ba ni wuri. Damina ɗaya gara ta hudo daga ƙasa ta shiga kwali guda ta mai da shi turɓaya. Na zauna gaban kwalin nan na ji abin da ban ji ba ranar da jakina ya mutu. Tun daga nan ba ni da tunani sai inda zan kai sauran.

Ga wanda ba ɗan wajenmu ba, rumbunanmu na laka ne, a jere suke bayan gari, a ɗore kan duwatsu don kada gara ta hau. Bayan girbi maigida ya zuba hatsin gandu, ya rufe baki ya liƙe, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Shi ne iri, shi ne abincin noma. Da rani mace ta ci da kanta da ɗiyanta daga gamanarta, 'yar gonar da aka yanka mata, da abin da miji ya aiko daga Kurmi. Kuma mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba makulli ke hana ta ba, kunya ce da amana. Haka muka tarar.

Kakar wannan shekara girbi ya yi daidai gwargwado. Rumbun mahaifina, wanda aka ɓoye ni a ciki, shi ne mafi kyau a jerin, gara ba ta taɓa hawansa ba. Kusa da shi akwai tsohon rumbun wani danginmu da ya rasu, duwatsunsa sun nutse, gindinsa ya kusa taɓa ƙasa, ga tsaga a gefe. Na san haka, da idona nake gani. Na shafe tsagar da laka na ce rani ɗaya ne, zai riƙe. Jakuna suka sauke damma a fili tsakanin rumbunan biyu, masu taya ni suka watse, ni kaɗai na zuba hatsi a tsohon. Kwalaye kuma ɗaya-ɗaya na kai su cikin buhu na jera a na mahaifina. Na ce wa matata na kai su ajiya wurin wani aboki a Madawa. Ta ce madalla, ɗaki ya huta. Na liƙe rumbuna biyu, na hau mota na koma Kurmi neman littafi na uku.

Abin da ta sha a wannan rani daga baya na ji shi, a bakin maƙwabta. Aike na bai taka kara ya karya ba, don abin da nake samu masu share jirgi ke cinyewa. A lokacin ta yaye ɗiyarmu. Hatsin gamanarta ya ƙare da wuri, har irin da ta saba ɓoyewa a tulu da toka ta daka, don ta san rumbun gandu cike yake. Ƙanwarta ta haihu, ta kai mata ɗan abin da ya rage daga irin. Da abin ya matse ta ja akuyarta mai nono zuwa kasuwa. Wata tsohuwa maƙwabciya ta tare ta a hanya ta ce ta riƙe akuya saboda yarinya, yaye ba nono ba ya daɗi. Matata ta ce mata, inna, kwana nawa ya rage, maigida zai dawo ya buɗe. Aka ce duk yamma in ta dawo daga itace ta bayan gari take bi, ta tsaya ta kalli rumbun mahaifina daga nesa, hankalinta ya kwanta. Takarda take kallo.

Na dawo da wani kwalin, babu na uku a ciki. Ban daɗe ba ruwan shuka ya sauka. Da sassafe na riga kowa zuwa bayan gari, na kafa tsani a tsohon rumbu na fasa liƙin. Wari ne ya fara gaya mini. Na zura hannu, hannuna ya shiga ƙasa mai laushi. Gara ta hau ta gindi ta gina gidanta a ciki har wuya, ɓeraye suka bi ta tsagar suka ƙarasa. Zangarniya tana nan da siffarta, ka taɓa ta ta zube. Na tona har kafaɗa. Abin da na tsinta bai cika ƙwarya ba.

Ina saukowa sai ga kawu da sungumi a kafaɗa, matata a bayansa da babbar ƙwarya a ka, yarinya a goye. Suka tsaya gindin rumbun mahaifina. Kawu ya ce ashe karatu ya sa Malam Japan ya manta rumbun ubansa, ya je yana leƙen na matattu. Ya ce in kawo tsani, ƙasa na shanye ruwa, mutane sun riga sun fita gona. Ban kawo ba. Ya ce to in Kurmi ta cinye mini gwiwa, shi tsoho zai hau. Ya ɗauki tsani ya hau, ya fasa, ya yi bisimilla ya zura hannu. Ya daɗe a sama. Sannan ya fito da littafi ɗaya, sumul, ko ƙura babu. Ya duba gaba ya duba baya, ya dube ni, babu dariya a muryarsa, ya ce lalle ɗan 'yar'uwarsa ya iya ajiya.

Matata abu ɗaya ta tambaya, ina hatsi. Na nuna da hannu. Ta sauke ƙwarya, ta gyara goyo, ta ɗauki tsanin da kanta ta jingina a tsohon rumbu. Kawu ya ce mata, ɗiyata, kada ki hau, ba a yi. Ta ce masa, kawu, yau za a yi. Ta hau a gaban mazan da ke wucewa gona, ta leƙa. Ta sauko ba kuka ba zagi. Ta ce mini da na faɗa mata tun kaka, da ba ta sayar da akuyar ba. Ta juya ta tafi, ta bar ƙwaryar a ƙasa. Ni na ɗauko ta na biyo gari da ita, babu komi a ciki, kowa na gani.

Iri roƙonsa na yi gida-gida, wannan tafi wancan tafi. An ba ni, don a wajenmu ba a hana iri, amma gauraye ne, wani mai saurin nuna wani mai nauyi. Abinci kuma sai na yi ƙwadago a gonakin mutane a auna mini da yamma, tawa gonar ciyawa ta rufe ta kafin in kai mata hauya. Na ɗora littattafai a jakin aro na kai kasuwar Buza. Masu tsire da masu ƙosai suka murza takardar suka faɗi abin da maigidana ya faɗa tun farko, ba ta shan mai, gwamma takardar buhun siminti. Wani ya ce in jira 'yan Japan su zo cin kasuwa. Na dawo da kayana. Matata ta shiga tsinko anza, tana jiƙawa tana zubar da ruwan ɗaci kwana da kwanaki, tana haɗawa da tafasa. Babba yana iya jure wannan. Yarinyar da aka yaye ba nono ba ta iya ba. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, ta daina ko kuka.

Muka kai ta asibitin mishan, amalanke sannan mota. Aka karɓe ta, aka riƙa ba ta madara da cokali kaɗan-kaɗan. Ma'aikatan, yawancinsu Kirista 'yan ƙasa, sun yi mana kirki, ba wanda ya tambaye ni dalili. Ga abin kunya, ko a wannan tafiya akwai ƙaramin littafi ɗaya a aljihun rigata. Ranar da yarinya ta fara iya zama na ba ta shi, tana buga shafin da tafin hannu. Wata ma'aikaciya baƙuwa ta zo wucewa, ashe 'yar Japan ce. Ta tsaya cak, ta durƙusa kan tabarma tana buɗewa tana dariya har da ƙwalla. Da guntuwar Hausarta ta ce ƙanenta yana da irinsa suna yara. Na tambaye ta ko yadda ake ƙera akwatin ne a ciki. Ta ce a'a malam, wasa ne kawai, yana nuna wa yaro inda zai yi tsalle da inda aka ɓoye abu. Ta ce yanzu an yi sababbi, yara sun daina waɗannan, zubarwa ake. Ba raini take ba, murna take ta ga abin gidansu a ƙasar da ba ta zata ba. Ta tambaya yadda aka yi ya zo har nan. Matata tana ba yarinya cokali, ba ta ɗago kai ba, ta ce hatsinmu ne ya biya masa mota.

Yarinya ta rayu. Littattafan, wasu mun hura wuta da su a ƙarshen damina, ko wutar kirki ba su yi ba, sai hayaƙi mai wari. Sauran na zuba a tsohon rumbu na bar wa gara. Matata ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara ta wurin kowa ba. Amma tun daga shekarar, duk kaka kafin in liƙe rumbu sai ta zo ta hau tsani ta leƙa, a gaban kowa. Mata suka yi ta da ita, maza suka yi ta da ni, wai gidan Malam Japan mace ke duba rumbu. Ni ke riƙe mata tsani. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Na yi noma na yi Kurmi, ban sake kawo takarda gida ba, rumbu bai sake zama wofi ba. Na yi ta jiran kakar da za ta ce bana ba sai ta hau ba. Har ta koma ga Allah wannan kaka ba ta zo ba.

Yanzu na tsufa, na gaji, ga abin da na gane. Ba jahilci ya cuce ni ba, mahaifina jahili ne bai taɓa barin gidansa da yunwa ba. Kunyar jahilcin ce na rena ta girma a cikina, har na sami abin da ya lallashe ta na ba shi wurin hatsi. Kowane ɗan Kurmi yana da irin kwalinsa, wani rediyo, wani caca, wani tattabaru. Ban ce kada mutum ya so abu ba. Amma ya duba abin da ya fitar don ya ba shi wuri. Kuma kada wani ya ɗauka ana warkewa sarai. Har yau in na tuna littafi na uku, sai in ji ina son in san abin da ke cikinsa. Wannan ma gaskiya ce.

Da lokacin ɗaukar yara ya zo, ni na kama hannun ɗiyata na kai ta lakwal. Ita ce ke rubuta wannan. Ta fi duk sa'o'inta gajarta. Mutane na cewa halitta ce, ni na san daminar da ta rage mata tsawo. Da muka kawo nan ta ajiye alƙalami ta ce, baba, wane hoto ne a shafin da take bugawa a asibiti. Nan take na faɗa mata, ɗan mutum ne a bakin rami da tsani a bayansa, sama baƙi ƙirin. Ta ce to wane zane uwarta ta goya ta da shi zuwa can. Na nema, ban tuna ba. Ta tambaya ko ta rubuta wannan ma. Na ce ta rubuta.

Ku maza masu rumbu, al'adar da ta hana mace leƙawa ba don ta rufa muku asiri aka yi ta ba, amana ce aka ɗora muku. In kun taɓa hatsi ku faɗa tun kaka, tun akuya na ɗaure a turke.